Hunturu da Bukukuwan Ƙarshen Shekara a Gidan Kula da Tsofaffi a Ingila

Tambaya: Na fara aiki a wani gidan kula da tsofaffi a yankin Yorkshire na ƙasar Ingila, kuma wannan ne hunturuna na farko a nan. Manajarmu ta sa ni cikin masu shirya bukukuwan ƙarshen shekara, ta kuma sa ni duti ranar Kirsimeti. Ni Musulma ce, ban taɓa ganin wannan biki daga ciki ba. Yaya rayuwar gidan take a wannan lokaci, me ake jira daga gare ni, kuma me ya kamata in kiyaye?

Amsa: Malama, sannu da aiki, Allah ya ba da sa'a. Abin da zan fara gaya miki shi ne kada ki ɗauki aikin da aka ba ki a matsayin shirya walimar rana ɗaya. Hunturu a gidan tsofaffi yana ɗaukar kusan wata biyar, daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba da ake mayar da agogo baya da sa'a ɗaya har zuwa ƙarshen Maris, kuma ranar 25 ga Disamba ita ce mafi sauƙi a cikinsa, domin a ranar ce kowa yake tunawa da tsofaffin, dangi su cika falo, makarantu da coci-coci su aiko da kyauta. Wahalar tana cikin makonnin da suka gabace ta da waɗanda suka biyo bayanta.

Abin da ke fara sauya rayuwar gidan duhu ne, ba sanyi ba. Sanyin ana tare shi daga waje, domin hukumomin lafiya na ƙasar suna ba da shawarar kada ɗumin ɗaki ya gaza digiri 18, yawancin gidajen tsofaffi kuma suna kunna hita fiye da haka, har ma'aikaciya takan yi gumi a tsakiyar Disamba. Amma a Yorkshire a wannan lokaci rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas na safe, tana kuma faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, wato hasken yini bai kai sa'a takwas ba. Lambun da ake zama a ciki ana shan shayi ya koma abin kallo ta taga, fita shaguna ta tsaya saboda santsin ƙanƙara, 'ya'yan da ke biyowa bayan tashi daga aiki sun rage zuwa. Masu cutar mantuwa da yawa sukan rikice idan yamma ta yi. Za ki ga tsohuwa ta rataya jakarta ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa yara sun taso daga makaranta, dole ta je ta ɗora girki, alhali yaran nata sun haura shekara 60. Da hunturu wannan rikicewa takan matso har zuwa ƙarfe uku. Saboda haka ki saba da kunna fitilu tun kafin duhu ya shigo, ki ja labule, domin gilashin taga idan waje ya yi duhu yakan nuna wa mutum siffarsa, mai cutar mantuwa kuma ya ɗauka wani ne yake leƙensa. Duk wani shiri mai buƙatar natsuwa a sa shi da hantsi ko jim kaɗan bayan abincin rana.

Ya kamata ki san su wane ne ake yi wa bikin. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum 279,000 'yan shekara 65 zuwa sama suna zaune a gidajen kulawa a Ingila da Wales, ƙungiyar Alzheimer's Society kuma ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na mazauna irin waɗannan gidaje suna da cutar mantuwa ko matsalar ƙwaƙwalwa mai tsanani. Mafi yawansu mata ne. Wadda aka haifa wajajen 1940 ta yi ƙuruciyarta ne a zamanin da gwamnati ke rabon abinci da kati, tsarin da bai ƙare ba sai a 1954, shi ya sa idan kin tambaye ta kyautar Kirsimetin yarintarta za ta iya ce miki lemu guda ɗaya da 'yar gyaɗa a cikin safa. 'Yan matancinta kuwa ya faɗo ne a ƙarshen shekarun 1950 da cikin 1960. Ina faɗin wannan ne domin kuskuren da na fi gani a wajen masu shirya nishaɗi shi ne kunna waƙoƙin zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ga mutanen da suke goye a lokacin yaƙin. Waƙar da take tayar wa mutum da tsumi ita ce wadda ya yi rawa da ita yana saurayi, don haka ki duba shekarar haihuwa a kundin kulawa ki ƙara shekara 15 zuwa 25, za ki gane zamanin da ya dace.

Jerin bukukuwan yana farawa tun kafin Disamba. A daren 5 ga Nuwamba ana wasan wuta a ko'ina don tunawa da yunƙurin tarwatsa majalisar dokoki da aka yi a 1605, ƙarar kuwa tana tsorata wasu mazauna, musamman waɗanda suka taso a Hull ko Sheffield, biranen da suka sha ruwan bama-bamai a 1940 da 1941. Ranar 11 ga Nuwamba da ƙarfe 11 na safe ana yin shiru na minti biyu don tunawa da sojojin da suka mutu, za ki ga kowa ya maƙala jan fure na takarda a ƙirji. Maza da yawa daga cikin mafiya tsufa sun yi aikin soja na dole, wanda aka daina ɗiba a 1960, kuma ba sa ɗaukar wannan shiru da wasa. Kada ki turo keken shayi ko ki amsa waya a cikin mintunan nan biyu.

Da shigowar Disamba gidan zai cika da baƙi. Za a kafa bishiyar Kirsimeti a falo, yaran firamare za su zo su rera waƙoƙin bikin, a wasu wurare masu busa na ƙungiyar agaji ta Kirista mai suna Salvation Army su zo, 'yan wasan barkwanci masu yawo gida-gida su yi wasa, limamin coci ya kawo jibin Ubangiji, wato burodi da ruwan inabin ibadar Kirista, ga waɗanda ba sa iya fita. A ranar Kirsimeti kanta za ku taimaka wa mazauna su yi ado da safe, a raba kyaututtuka, sannan a zauna babban abincin rana: gasasshen talo-talo, gasasshen dankalin turawa, ƙananan kabeji, romo, da wani baƙin kek mai nauyi da ake yi da busassun 'ya'yan itace. A gefen kowane faranti akwai wani ƙunshin takarda da mutum biyu suke ja ya fashe da ƙara, a ciki a sami hular takarda mai siffar kambi da kowa ke sawa. Da ƙarfe uku kuma a kunna talabijin domin jawabin Sarki, al'adar da Sarki George na Biyar ya fara ta rediyo a 1932, aka mayar da ita talabijin a 1957 a zamanin Sarauniya Elizabeth. Ki tabbata an gama kwashe kwanuka, an kai masu buƙata banɗaki, an gyara wa kowa na'urar jinsa kafin lokacin, domin ga mutanen wannan zamani rasa jawabin ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan shi ne tsarin da za ki gani a takarda, kuma kowane gida yana iya cika shi. Abin da ke bambanta gida mai kyau da wanda yake yi don a ce an yi shi ne fahimtar abin da tsofaffin suka rasa. Ba kyauta suka rasa ba, ba kuma abinci ba. Sun rasa matsayinsu na masu yi. Ki ƙaddara tsohuwar da shekara 50 ita ce take raba naman layya da tuwon Sallah, ita ce ta san rabon kowace ƙofa, sai ga shi yau an zaunar da ita a kujera ana miƙo mata komai, ana ce mata ta huta. Haka matan nan suke ji a Disamba. Su ne suke tashi da asuba su sa talo-talo a wuta, su ne suke rubuta katuna, su ne suke ɓoye kyautar yara. Saboda haka aikinki mafi amfani shi ne ki mayar musu da wani yanki na wannan aiki. Ki kawo kwanon ƙananan kabejin falo a gyara tare, ki bar wadda ta iya ta nuna miki yadda ake jera cokula, kuma idan ta gyara miki ki karɓi gyaran da gaske. Ki tambayi wanda yake so ya ba jikarsa kyauta me yake so a sayo, a naɗe shi a gabansa, ya riƙe takardar da hannunsa ko da naɗin zai karkace, ya kuma miƙa da kansa a ranar.

Rubuta katuna ya fi komai buƙatar haƙuri. Tsoho zai fito da ɗan littafin adireshinsa da ya tsufa, ki ga an ja layi a kan sunaye da yawa, domin masu su sun rasu. Zai tsaya a kan kowane suna ya ba ki labarinsa, hannunsa na rawa, sa hannu ɗaya ya ɗauke shi minti biyar. Kada ki karɓe biron don a yi sauri, kada kuma ki yi hanzarin kawar da zancen mamatan da fara'ar dole. Sa'a guda da aka yi a kan katuna huɗu ta fi masa babbar walimar da za a yi a falo, kuma wannan ne ra'ayina ko da manaja za ta fi son ganin hoton falo cike.

Babbar walimar ma tana da illarta, ya kamata ki sani. Mai cutar mantuwa yana gane wuri ne da alamomin da ya saba da su, kujerarsa, agogon bango, hoton da ke kusa da ƙofarsa. Idan aka wayi gari an matsar da kujeru don a sami wurin bishiya, an lulluɓe bango da ƙyale-ƙyale, fitilu suna ƙyaftawa, ga wani baƙo ya yi shigar Baban Kirsimeti da jajayen kaya da farin gemu yana ɗaga murya, to a wajensa an ɗauke shi ne an kai shi wani gida. Sakamakon ba ya fitowa a lokacin, masu dutin dare ne suke kwasa, da rashin barci da kuka da faɗuwa. Maganin shi ne a yi adon a hankali cikin kwanaki, tare da mazaunan, a zaɓi fitilun da ba sa ƙyaftawa, a bar ɗaki ɗaya ba ado ba kiɗa domin wanda hayaniya ta ishe shi, kuma a taƙaita shiri kada ya wuce sa'a guda. A ɗauke wayoyin lantarki daga hanyar masu sanda da keken guragu, kada a kunna kyandir na gaske, kada kuma a yi ado da 'ya'yan itacen roba, domin akwai wanda zai kai baki.

Akwai kuma wanda ba ya son bikin sam, kuma yana da haƙƙin ƙi. Dokokin 2014 da CQC, hukumar sa ido kan gidajen kulawa, take duba gidaje da su a Ingila sun wajabta a kula da kowane mutum bisa buƙatarsa da zaɓinsa, ba bisa abin da ya fi wa gida sauƙi ba. Wata mijinta ya rasu ne a Disamba, wani Mashaidin Jehobah ne, su kuwa ba sa bikin Kirsimeti. A garuruwa irin su Bradford za ki tarar da tsofaffin da suka zo daga Pakistan aikin masaƙu a shekarun 1950 da 1960, da 'yan yankin Karibiyan, da 'yan Poland da Ukraine da suka zauna bayan yaƙi. 'Yan Poland babban abincinsu na daren 24 ga wata ne, kuma da kifi ake yi, ba nama ba. Mabiya addinin Hindu da Sikh suna da bikin Diwali a Oktoba ko Nuwamba, Yahudawa suna da bikin Hanukkah galibi a cikin Disamba. Kada ki ɗora wa kowa hular takarda don kawai kowa ya sa, ki tambaya, idan kuma mutum ba ya iya amsawa ki duba kundinsa ki tambayi danginsa.

A ɓangaren abinci ne haɗari ya fi yawa. Mazauna masu matsalar haɗiya an rubuta wa kowannensu matakin laushin abinci da kaurin abin sha bisa ma'aunin IDDSI, wanda yake daga 0 zuwa 7, kuma ranar biki ba ta ɗage wannan ba. Kek mai busassun 'ya'yan itace, gyaɗa, alewa mai tauri da naman talo-talo da ya bushe duk suna iya sarƙe mutum, kuma sau da yawa ba daga kicin matsalar take fitowa ba, daga jakar ɗa ko jika mai kyakkyawar niyya take fitowa. Ki yi musu magana da ladabi tun daga ƙofa. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ana hana shi ruwan kiranberi, wani ƙaramin jan ɗan itace wanda miyarsa ba ta rabuwa da talo-talo, don haka ki tambayi nas kafin a zuba masa. Ki kuma yawaita miƙa ruwa, domin hita tana busar da jiki, tsoho kuma ba ya jin ƙishi da wuri.

Game da addininki, hukuncin halarta da hidima na malamai ne, ki tambayi wanda kika amince da iliminsa. Abin da ya shafi wurin aiki shi ne wannan. Za a sami naman alade a teburin, musamman ƙananan tsiren da ake naɗewa da shi, za a sami giya, kek ɗin ma galibi ana zuba masa barasa, don haka ki tambayi mai dafa abinci kafin ki ɗanɗana komai. Dokar Mental Capacity Act ta 2005 ta ce ana ɗaukar baligi a matsayin mai iya yanke wa kansa shawara sai an tabbatar da akasin haka, kuma yana da damar zaɓar abin da wasu suke gani ba hikima ba ne, saboda haka ba ki da ikon hana mazauni giyarsa idan likita bai hana ba. Dokar daidaito ta 2010 tana kare ki daga wariya saboda addini, amma ba ta ɗauke miki wani aiki kai tsaye ba. Hanyar da na ga tana aiki ita ce ki sami manaja tun a Nuwamba, ki faɗa mata abin da ba za ki iya ba, ki kuma kawo abin da za ki ɗauka a madadinsa, misali abokiyar aiki ta raba abin sha ke kuma ki ciyar da waɗanda ake ba wa a baki. Ba wanda zai tilasta miki rera waƙar ibada. Abin da ke ɓata zama shi ne a ƙi magana sai ranar, a gaban mazauna. Musulmi da yawa ma suna karɓar dutin Kirsimeti da gangan domin abokan aikinsu su rama musu da Sallah. Ki sani ƙarin kuɗin aikin ranar ba doka ce ta wajabta ba, ya danganta da kwantiraginki, kuma jiragen ƙasa ba sa aiki ranar 25, bas-bas ma kusan duka haka, don haka ki shirya abin hawa tun da wuri.

Hunturu kuma lokacin mura ne da cutar amai da gudawa ta norobairos, wadda take iya zagaye gida cikin 'yan kwanaki ta rushe duk shirin da aka yi. Man goge hannu ba ya kashe ta yadda ya kamata, sai sabulu da ruwa. Idan ta kama ki, ƙa'ida ita ce kada ki dawo aiki sai bayan sa'a 48 da tsayawar alamun, ko da ranar Kirsimeti ce kuma ma'aikata sun yi ƙaranci. Amma rufe ƙofa gaba ɗaya ba shi ne matakin farko ba yanzu. Waɗanda suka yi aiki a Disambar 2020, lokacin annobar korona, sun ga tsofaffi suna gaisawa da 'ya'yansu ta gilashin taga, sun kuma ga yadda kaɗaici ya karya wasu, tun Afrilun 2024 kuma doka ta wajabta wa gidajen Ingila su sauƙaƙa ziyara sai in akwai dalili na musamman.

Ki lura da waɗanda ba mai zuwa wajensu, domin a ranar da falo ya cika da jikokin wasu ne rashin nasu ya fi fitowa fili. Gida mai tsari yakan saya wa kowa kyauta da sunansa, ya kuma zaunar da ma'aikaciya kusa da irin waɗannan a tebur. Ke kuma kada ki karɓi kuɗi ko kyauta mai tsada daga mazauni ko danginsa, ki kai wa manaja a rubuta, kada kuma ki ɗauki hoton kowa da wayarki ki tura gida ta WhatsApp, komai kyawun niyya, domin wannan yana iya cin aikinki.

Sai Janairu, wanda a ganina shi ne ainihin jarrabawar. An sauke ado, baƙi sun ɗauke ƙafa, kuɗin nishaɗi ya ƙare a Disamba, duhu yana nan, kuma a wannan tsakani ake yawan rasuwa. Idan kujera ta zama babu kowa, waɗanda suke cin abinci a teburi ɗaya da mamacin suna lura, kuma ya fi kyau a gaya musu da natsuwa a ba su damar ta'aziyya, maimakon a kwashe kayansa a yi shiru. Akwai ƙananan ranaku da za a rataya makonnin a kansu, kamar daren 25 ga Janairu da 'yan asalin Sikotland suke girmamawa, da Talatar da ake toya fanke kafin azumin Kirista. Ramadan ma yana shigowa wannan lissafi, domin a 2025 ya kama a farkon Maris, yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, har a 2030 zai kama sau biyu, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Idan akwai Musulmi a cikin mazauna, ke ce za ki fi kowa sanin yadda za a shirya musu buɗa-baki da Sallah, da yadda za a yi wa dangi bayanin wanda rashin lafiya ta ɗauke wa azumi.

Saboda haka idan kun zauna taron shiri, ki ba da shawarar a ware wani kaso na kuɗin a ajiye wa Janairu da Fabrairu. Makarantu da ƙungiyoyi sukan yi cunkoso a mako biyu kafin Kirsimeti har a rasa ranar ba su, to ki roƙi biyu ko uku daga cikinsu su ɗage zuwansu zuwa mako na uku na Janairu, ki kuma karɓi ranar a rubuce tun kafin makarantu su tafi hutu.